Malam Alhassan da Ruwan Dutse

Ina rungume da jikata ta fari, bakina ya ƙi rufuwa don murna, sai wayar Hajiya Mariyama, matar Malam Alhassan, ta shigo daga Landover, kusa da Washington. Ta ce, "Alhaji, abokinka ya riga mu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na miƙa wa 'yata jaririyar, na nemi wuri na zauna.

Malam Alhassan mutumin ƙasar Agadas ne, ni kuwa ɗan Kumasi. Tuƙin tasi ya haɗa mu a Washington. Mutum ne mai sauƙin kai, amma ban da wajen shayi. Ba ya dafa shi da ruwan famfo. Yakan tuƙa har duwatsun yammacin Virginia, cikin dajin gwamnati, ya ciko jarkoki a wani marmaro, ya bi gidajenmu yana rabawa. In na tsokane shi sai ya ce, "Kai ɗan Kumasi, cikin ruwa aka haife ka, ina ka san darajarsa?"

Da ya ji kamfanoni na neman haƙar mai da iskar gas a duwatsun, kuma akwai ƙudurin doka a majalisa da zai hana su, sai zama ya gagare shi. A ƙauyensu ya ga rijiyoyi sun lalace bayan an fara haƙar ma'adinai. Duk fasinjan da ya ɗauka kusa da majalisa sai ya sha bayanin dokar nan, ko ya so ko bai so ba.

Hausa da Faransanci ne a bakinsa, Turancinsa kaɗan ne. Don haka ni, da na shiga makarantar yamma da furfurata, ni ya ja zuwa taron jin ra'ayin jama'a in yi masa tafinta.

Na ce, "Malam, mu baƙi, wa zai saurare mu?"

Ya ce, "Baƙo ba ya shan ruwa ne?"

Da aka ba shi dama ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya ce mini, "Gaya musu na taɓa ganin rijiya ta mutu. Ba a yi mata jana'iza. Mutane ne kawai suke kwashe kayansu ɗaya bayan ɗaya." Na fassara musu. Wata tsohuwa manomiya ta taso daga baya, ta riƙe hannuna ta ce in maimaita, mijinta bai ji da kyau ba.

Daga baya ciwo ya kwantar da shi. Ranar da na duba shi a asibiti, bai yi maganar ciwonsa ba. Ya ce, "An yi ƙuri'ar?" Na ce tukuna. Ya ce, "To, kada ku gaji."

Har yau ƙudurin yana gaban majalisa. Allah ya sa ya wuce, duk wanda ya sha daga marmaron nan a rubuta wa Malam lada. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya Mariyama da yaran haƙuri, ya tsaya musu. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.