Surukina da Muke Hira da Italiyanci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin motar Kano, mun ɗan wuce Gaya, littafin darasi yana kan cinyata, sai wayata ta yi ƙara. Maigidana ne. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Nafisa, sauka ki juyo. Baba ya cika." Na ce wa direba ya tsaya. Matar da ke kusa da ni ce ta miƙo mini jakata ta taga, don na manta da ita. Baba, mahaifin mijina, ya dawo daga gona da hantsi, ya ce a shimfiɗa masa tabarma ya ɗan huta. Bai sake tashi ba. A ranar saura kwana tara in yi jarrabawar da ya shafe wata huɗu yana shirya ni dominta.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa faɗinsa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu ba. Mutanen Ajingi Injiniya suke ce masa, saboda shekarun da ya yi yana gyaran taraktoci a sashen gona na ƙaramar hukuma. Shekarata ta farko a gidansa, abin da na sani game da shi bai wuce takalmansa a bakin ƙofa da gyaran muryarsa in zai shigo ba. In na ji shi nakan durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa, in shige ɗaki. Haka aka koya mini a gidanmu a Gaya, haka kuma Hajiya, uwar mijina, take so.

Harsuna nake karantawa a jami'a. A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya ƙara harshe ɗaya, na zaɓi Italiyanci. Littattafan soyayya ne suka ja ni. A cikinsu saurayi yakan hau jirgi zuwa Italiya ya dawo da takalma da turare, amma babu marubuciyar da ta taɓa gaya mini me ya ce wa mai kantin. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Sai bayan na shiga na ji cewa jarrabawar ba ta tsaya a takarda ba, sai an zauna gaban malama an yi hira ta minti goma. Wanda ya faɗi zai maimaita shekara. Ni kuwa sharaɗin da aka yi da iyayena shi ne in ƙarasa karatuna a kan lokaci in zauna. Ba ni da wata shekarar maimaici. Da wa zan yi hirar Italiyanci a Ajingi?

Wata safiya ina shara a tsakar gida, waya tana karanto mini gaisuwa ina maimaitawa da ƙarfi, na zo kan tambayar da ke nufin "yaya kake?" Sai na ji an amsa daga bayan katanga, da muryar tsoho, a nitse: "Bene, grazie." Wato lafiya lau, na gode. Na yar da tsintsiya na ruga ɗaki. Da na tambayi maigidana, ya ce shi dai ya san an tura Baba ƙasar waje koyon aikin inji tun kafin a haife shi, amma a zatonsa Turanci ya yi a can. Ashe Italiya aka tura shi, kuma sai da ya yi shekara guda a jami'a yana koyon harshen kafin a bar shi ya taɓa sifana.

Washegari ya aiko maigidana da saƙo: bayan la'asar in zo bakin ƙofar zaure da littafina. Shi yana ciki yana ɓarar gyaɗa, ni ina waje a kan tabarma, na ba ƙofar baya, na ja mayafi. Sai ya ce, "'Yar nan, wannan ce Hausar ƙarshe da zan yi miki a nan. Kunyarki tana nan, ban taɓa ta ba. Amma a wancan yaren ke ɗaliba ce, ni kuma ɗalibin da ya riga ki shiga aji. Bismillah."

Hajiya ba ta so ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ranar farko ta tsaya da tukunya a hannu ta ce, "Malam, a wane gari aka taɓa yi? Suruki da suruka suna ta gwalan-gwalan kamar 'yan tasha?" Ya ce, "Hajiya, kin ji ta yi mini Hausa? Ranar da ta yi, kai ƙarata wajen mai unguwa." Ba ta yi dariya ba. Maƙwabta suka fara zuwa aron turmi da la'asar, alhali kowa yana da nasa. Gaisuwata da Hajiya ta gajarce, har na ce wa maigidana zan daina. Baba ya aiko mini da jimla ɗaya: "Wanda bai yarda a yi masa dariya ba, ba zai iya yaren kowa ba."

Bai taɓa katse ni ba. In na yi kuskure sai ya maimaita maganar daidai, kamar dai yana tabbatar da abin da ya ji. In na tsaya neman kalma, sai in ji ƙarar ɓawon gyaɗa kawai, yana jira. Na tambaye shi yadda aka yi harshen bai gudu ba, shekara arba'in babu abokin hira. Ya ce da taraktoci yake yi. In inji ya ƙi tashi da Italiyanci yake yi masa faɗa, tunda can aka haifi yawancinsu. "Harshe kamar garma ne," in ji shi, "in ba ya shiga ƙasa, tsatsa yake yi." Akwai tambayoyin da na tanada sai na ƙware. Yana mafarki da harshen? Yaya ya yi azumi shi kaɗai a garin da ba a jin kiran salla? Me ya ji ranar da ya fara ganin ƙanƙara tana sauka? Na ɗauka akwai lokaci.

Bayan rasuwar na rufe littafin, na yanke cewa na fasa. Kwana bakwai, da masu gaisuwa suka ragu, Hajiya ta kira ni ɗakin da take takaba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ke, wata huɗun nan, me kuke cewa ne?"

Na ce darasi ne: abinci, tafiya, kwatanta mutum. Ta ce, "Wa ya kwatanta?" Na ce wata mace ce da bai taɓa ambatar sunanta ba. Ya bar ta tana amarya ya yi tafiya. Ta cika masa gwangwani da ƙuli-ƙuli, ya riƙa cin ɗaya duk Juma'a don kada ya ƙare. Ta sa an rubuta masa wasiƙa mai layi biyu, cewa gero ya yi kyau kuma akuya ta haihu, ya yi ta karantawa har takardar ta yage. Na ce ni da na karanta littattafan soyayya fiye da yadda zan iya tunawa, sai da na yi sati ban gane wa yake nufi ba.

"Da me kika gane?"

"Ya ce tana cika gishiri a miyar kuka, kuma bai taɓa gaya mata ba."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa, ban san dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Da ta buɗe ta ce, "Jibi ce jarrabawar?" Na ce na fasa. Ta ce, "Kin fasa? Wata huɗu ana zuwa mini aron turmi a banza? Tashi ki ɗauko littafinki. In malamar ta tambaye ki, ba ta labarinsa. Amma ban da gishirin."

Na je. Na yi ta ba da labarin Baba har minti goman ya wuce ban sani ba. Malama ta ajiye biro ta tambaye ni inda dattijon yake, tana so ta gaishe shi. Da harshen da ya koya mini na gaya mata cewa ya rasu. Sakamako ya fito, na ci.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya albarkaci 'ya'ya da jikokin da ya bari, Ya haɗa kansu. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.