Awarwaron Yaya da Tankin Hagu

Ka taɓa yin kuskuren da yatsu biyu za su iya binne shi har abada? Yayata ta yi, ina zaune a kujerar bayanta.

Yaya matuƙiya ce. Ƙaramin jirgin saman Kawunmu take ja, mai kujera huɗu, tana kai shi gonakinsa. Shekara goma sha ɗaya tana tashi, awa dubu biyu da ɗari uku a littafinta, ni na haɗa jimillar da kaina. Tanki biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike, sai ɗan famfo irin na man babur kusa da gwiwarta. Duk rabin awa ake murɗa shi, injin ya koma shan ɗaya tankin.

Ran nan tun daga tashi Kawu ya cika mata kunne da labarin rijiyar da ya haƙa. Saura minti shida mu sauka, injin ya yi tari uku ya yi tsit. Mun riga mun yi ƙasa, ba lokacin lalube. Yaya ta hango gonar da aka girbe, ta bi tsawon kunyoyin, ta dire mu. Daƙiƙa hamsin da biyu, na ƙirga. Ƙafar jirgin ta gaba ta lanƙwashe, hular Kawu ta faɗo, ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Da muka fito ta zura sandar awo. Tankin dama ƙaf. Na hagu lita hamsin da takwas. Famfo kuwa yana nan yana kallon dama.

Kawu ya waiga gabas da yamma, ya rage murya.

"'Yar nan, murɗa shi hagu kafin masu bincike su iso. Inji ne ya mutu, shi ke nan. Wa ya gani?"

Lasisinta yake jiye mata, kuma da gaskiyarsa, don shi ne abincinta. Yaya ta tambaye shi, in inji ya mutu da mai a bakinsa, wuyan wa za a kama? Duk mun sani: tsohon bakaniken da ya duba injin shekaranjiya ya sa hannu, mutumin da ya yi shekara ashirin da shida ba a taɓa kiran sa ofis ba.

"Kawu, hannun nan ya manta da famfon a sama," in ji ta. "Ba a ƙasa zai tuna da shi ba."

Ta kulle ƙofar jirgin, ta danƙa wa mai gonar da ya iso wurin makullin, ta ce ko ita ta roƙa kada ya ba ta. Awa uku da minti goma muka yi a inuwar fiffike muna jiran masu bincike. Kawu yana ta safa da marwa, ita kuwa tana tsokanar sa wai yanzu ga fili, ya ƙarasa labarin rijiyar.

An karɓe lasisinta kwana casa'in, aka sake yi mata jarrabawa kamar sabuwar shiga. Bakanike ko tambaya biyu ba a yi masa ba. Ranar da ta dawo ya tare ta a bakin rumfar jirage, ya ce shi dai ya daina yarda da agogon mai, ita zai riƙa tambaya.

Tun daga nan awarwaro ɗaya take sawa. In injin na shan dama, yana hannun dama. Rabin awa na cika, ta murɗa famfo ta mayar da awarwaron hannun hagu, ko Kawu na tsakiyar magana. Awa ɗari huɗu da goma ke nan, bai taɓa saɓawa ba.

Ni ba na tuƙa jirgi, amma maganin safe da na yamma da agogona nake bin su: in na sha, na sauya masa hannu. Zaɓi abu ɗaya da kake yawan mantawa, ka gwada kwana bakwai, ka ƙirga sau nawa hannunka ya riga ka tunawa.