Sunan da Na Kira Kafin Bakwai

Gwaggo Hadiza, yayar babana, ita ta ce ni na kashe ƙanena. A tsakar gidanmu na Kirkissoye ta faɗa, gaban matan da suka zo gaisuwa, a daminar shekarar da aka sa ni lakol, makarantar boko.

Bakwaini aka haife shi. Naƙuda ta kama Inna tana wanki, aka yi ta neman taksi, kafin a haye gada a kai matanite, asibitin haihuwa, rana ta karkata. Aka ce an sa jaririn a kwalba. Ni da wautata na zaci irin kwalbar man gyaɗa ce, na yi ta tunanin ta ina zai sha iska. Kullum ni ke riƙe kwanon kunu in bi Gwaggo, gardi ya tsayar da ni a ƙofa, in zauna ƙarƙashin dogon yaro ina kallon fuskar duk wanda ya fito. Ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, na ga mata suna gudu a baranda. Abokaina suna can bakin kogi suna langa, ni ko abinci ba ya shiga.

Sau ɗaya aka ɗaga ni na leƙa ta taga. Su biyu ne a kwalbar, namu ne ƙaramin, hannunsa bai kai cokali ba. Murna ta kama ni na ce, "Ga Sani nan!" don ni ne na fari. Gwaggo ta buge mini baki. Bai kai ranar suna ba. Da aka dawo gida ta nuna ni da yatsa: "Wannan mai baƙin bakin ne ya kira shi kafin bakwai."

Na yarda, to wa zai ce mini ƙarya ne? Na girma ina tsoron jarirai. Duk ƴaƴana babu wanda na ɗauka ko na kalla sosai kafin a yanka rago. Matata ta ɗauka rashin so ne.

Bana ɗiyata Zainabu, mai karatun aikin likita, take bincike kan abin da ke kashe jarirai a asibiti. Ta ce ana duba nauyi, da watannin ciki, da sanyi, da daɗewa kafin a iso. Na ce, "Kiran suna fa?" Ta yi dariya, sai ta ga ni ba dariya nake ba.

Na hau babur na tafi Banifandou, inda Gwaggo take zaune yanzu. Gwaggo ta tsufa, tana kan tabarma tana jan carbi. Ta ce, "Wa nake ji kamar Audu?"

Na ce, "Ni ne. Gwaggo, bakwaini ne, ga sanyi, ga kuran da aka ɗauke, kwanansa kuma ya ƙare. Kin rasa wanda za ki ɗora wa sai yaro mai riƙe miki kwano. Ke kika hana ni ɗaukar ƴaƴana suna ɗanyen goyo. Wannan ba za ki iya mayar mini ba."