Sarƙar da Malam Ya Zaɓa

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, maigidana, Malam, ya dawo daga ci-rani a Kano, ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi yana wani shan ƙamshi. Sarƙar gwal ce siririya, mai tufka kamar igiya. Ya ce shago uku ya shiga kafin ya zaɓe ta. Mutumin da ko atamfa bai iya zaɓe ba! Amma wallahi ranar har hawaye na yi. Rani guda ya yi yana tura kurar ruwa.

Bayan wata biyu maƙullinta ya saki. Da na je Damagaram gaida yayata, sai na biya wajen wani maƙerin gwal. Ya goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, zanen ya ɓace ɓat. Ya ce, "Baiwar Allah, wa ya sayar miki? Wannan ai jan ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal."

Na ce, "Gyara aka kawo maka ko tambaya?"

Har mota ta sauke ni a Matameye ina tafasa, ina ja wa mai shagon Allah ya isa. Amma na ƙudurta Malam ba zai taɓa ji ba. Ya gama faɗa wa abokansa ya saya wa iyalinsa gwal, ni kuma in ce masa an yi masa sakiyar da ba ruwa? Ba da bakina ba.

Gwal na gaske ba ya tsoron komai, tawa kuwa komai tsoronsa take. Ba ta ganin girki, ba ta ganin wanka. Humra sai ta bushe a jikina kafin in ɗaura ta. In na dawo biki in goge mata zufa da tsumma mai laushi, in naɗe ta a auduga, in tura ƙasan kwalla. Matan unguwa su zo aro in hana, suka sa mini marowaciya. Na ce ku faɗa, bakinku ne.

Haka muka yi shekara ashirin. Da auren yarinyar ya matso, Malam ya ce, "Ki ba ta sarƙar nan ta tafi da ita, ta san ubanta ya yi mata wani abu." Uwar angon kuwa Hajiya ce 'yar kasuwa, ta san gwal kamar yunwar cikinta.

Ranar kasuwa na sa aka sayar da saniyar da na gada wajen innata, na ce kuɗin na kayan ɗaki ne. Na koma Damagaram, na tarar ɗan maƙerin ne a kan aikin. Na ce ya ƙera mini irinta sak. Da ya gama na tsaya a kansa ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan. Zanen bai motsa ba. Na ja maƙullin sau uku da hannuna.

Ranar da aka kai amarya, Hajiya ta jinjina sarƙar a tafin hannunta ta ce, "Ma sha Allah, wannan gwal mai kyau ne. Wa ya zaɓa?" Ƙanwata ta ce mahaifin amarya ne.

Da labari ya zo wa Malam sai ya gyara zama. "Ban faɗa miki ba? Shago uku na shiga."

Na ce, "Ai ka iya zaɓe, Malam."

Ta farkon tana nan a ƙasan kwalla. Ta fara ja a wajen maƙulli, amma har yau ina goge ta.