Mayaƙin da Badaru Ya Kiwata

Duk wanda ya taɓa sayen dusa ko harawa a bakin kasuwar dabbobi ta Daura ya san Badaru, ko bai san sunan ba ya san fuskar. Dogo ne, baƙi, kullum a murtuke kamar wanda aka tasa daga barci. Ba mugu ba ne, magana ce dai ba ta dame shi ba. Mudunsa a cike yake, dusarsa babu yashi, amma in ka cika ja-in-ja sai ya ɗaure bakin buhu ya juya maka ƙeya.

Tun yana ɗan shekara tara yake kiwon dabbobin mutane. Mahaifinsa ya rasu da wuri, mahaifiyarsa Hadijatu ta komo gidan yayanta da shi. Matan unguwa suka riƙa ba shi awaki a kan tsarin da kowa ya sani: in akuya ta haihu, na fari na mai ita, na biyu na mai kiwo. Hannunsa na da albarka. Za ka kawo masa tunkiyar da iska ke neman kayarwa, bayan wata huɗu ka rasa gane ta. Da haka ya tara nasa, ya kafa rumfa, ya auri Lami.

A gidan kawun nan ya tashi tare da Sadiq, ɗan kawun, wato taubashinsa. To, ka san taubasai, ɗan mace da ɗan namiji: zagi halak ne a tsakaninsu, fushi kuma abin kunya. Sadiq ba ya kiransa sai "Bawana" ko "Sarkin Dusa". Shi kuwa Badaru, da ba ya haɗa magana uku da kowa, yana ganin Sadiq bakinsa ke buɗewa: mai wuyan zalɓe, malalaci, wanda ko kaza aka ba shi kiwo sai ta mutu da ƙishirwa. Shekara talatin suna haka, kuma duk garin nan ba wanda Badaru ke so kamarsa.

Da Sadiq ya sami aikin ofis a Katsina, sai ya biyo ta rumfa yin sallama. Ya fizge wayar Badaru ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo masa.

"Bawa, kiwo na kawo maka," in ji shi. "Wasa ne da ake yi da mutanen duniya. Wannan mayaƙina ne, yana mataki na sha ɗaya. In na kwana bakwai ban shiga ba, 'yan rukuninmu korata za su yi. Ka riƙa leƙawa kawai, ban ce ka yi tunani ba."

Badaru ya duba. Wani ramammen mutum ne tsaye a bakin kogi, da takobi kamar wuƙar yanka albasa.

"Ya yi kama da kai," ya ce. "Yunwa ce za ta kashe shi."

Abin da Sadiq bai lura ba, Badaru ba ya iya ganin abu a rame ya ƙyale. Turanci ba ya ji, Lami ce da ta gama sakandare take karanta masa abin da ke fitowa. Tsakanin azahar da la'asar, in kasuwa ta yi sanyi, sai ya hau kan buhuna, don nan ne sabis ke kamawa. Sauran masu wasan suna rugawa wurin manyan dodanni ana kashe su, shi kuwa ya tsayar da mayaƙinsa a bakin kogin nan sati uku yana karkashe ƙananan kuraye, don dabba ba ta ƙiba da gaggawa. Ya haɗa sulke guntu-guntu, ya sami garkuwa, ya sake takobi sau shida. 'Yan rukunin, mutanen da bai san ƙasarsu ba kuma bai taɓa ce musu uffan ba, suka koma ba sa shiga yaƙi sai ya zo. Shi ke tsayawa a gaba yana shan duka, su suna harbi ta bayansa. Wannan abu ya yi wa Badaru daɗi, daɗin da ko Lami bai iya faɗa wa ba.

Wata goma sha huɗu, mayaƙi ya kai mataki na saba'in da tara. Saura ɗaya, na tamanin, wanda babu wani bayansa, kuma ba a samunsa sai an kashe wani dodo mai kai uku. Badaru ya yi sati biyu yana tara magunguna da gyaran makami. Ya sa rana: Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kashe dodon, da hannunsa.

Ranar Alhamis Sadiq ya iso, matarsa ta haihu, suna ranar Asabar.

Juma'a ta yi, Badaru ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe wasa, wasa ya ƙi buɗuwa. Sau uku. Lami ta karɓa ta karanta, ta ce an canza lambar sirri. Bai ko tsaya sa hula ba, ya fita neman Sadiq.

A ƙofar gidan kawu, ƙarƙashin dogonyaro, samari sun yi wa Sadiq rumfa da kawunansu. Badaru na isowa ihu ya tashi: "Ya kashe shi! Wallahi ya kashe shi!" Da kayan da Badaru ya tanada Sadiq ya kashe dodon, ko minti goma abin bai ɗauka ba.

"Ga bawan nawa nan," in ji Sadiq yana ɗaga waya. "Ka yi ƙoƙari, Sarkin Dusa. Zo ka ga yadda iyayengiji ke ƙarasa aiki."

"Wa ya ce ka taɓa shi?"

"A'a! Kayana?"

"Wata goma sha huɗu, Sadiq. Ƙashi da fata ka kawo min shi. Ko akuya ce, mai kiwo yana da haƙƙi."

"To jira ya haihu mana, na biyun naka ne."

Wuri ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Badaru ya juya kan Sadiq. Ya ce masa ɓarawo. Ya ce masa maci amana, marar kunya, wanda bai taɓa wahalar komai ba sai cin wahalar wasu. Duk daga zuciyarsa suke fitowa. Dariya ta ƙaru. Wani dattijo, Malam Dabo, da ke wucewa da buta ya ce, "Yau taubasai sun motsa, Allah ya bar zumunci." Badaru ya shaƙo wuyan rigar Sadiq har maɓalli ya tsinke, Sadiq ɗin ma dariya yake, yana cewa a zo a cece shi bawa ya yi tawaye.

Badaru ya shiga cikin gida wurin mahaifiyarsa, ya same ta tana tsintar shinkafar suna.

"Inna, Sadiq ya cuce ni."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kai da Sadiq? Tafi ka ba ni wuri. Ɗan yayana ne, ko rigar jikinka ya tuɓe ba ka da ta cewa."

Nan ne ya ƙona shi fiye da dodon. An zalunce shi a gaban mutum ashirin, kuma babu inda zai kai ƙara. Duk wata baƙar magana da ake nuna fushi da ita, sun riga sun cinye ta a wasa tun suna yara.

Asabar da safe aka taru raɗin suna. Badaru ya zo da wankakkiyar shadda, ya zauna aka yi addu'a, ya karɓi goronsa. Da jama'a suka fara watsewa, Sadiq ya hango shi a soro.

"Bawa! Ka huce, ko in sa a jiƙa maka dusa?"

Badaru ya matso, ya ɗan rusuna, ya miƙa masa hannu biyu.

"Malam Sadiq, barka da asuba. Barka da arziki. Yaya mai jego? Allah ya raya, ya sa mai albarka ne."

Sadiq ya tsaya baki buɗe yana jiran ragowar, yana jiran zalɓen ko malalacin. Ba su zo ba. Murmushin ya tsaya masa a fuska, sannan ya gushe. Ya laluba aljihu da sauri ya ciro waya.

"Kai, Badaru, bari mana. Ungo sabuwar lambar, ka riƙe shi gaba ɗaya, na bar maka."

"Allah ya saka da alheri. Ku bar shi a wurinku."

Hadijatu na tsaye a bakin ƙofar ciki da farantin waina a hannu, ta ji komai. Ta dubi ɗanta, ta dubi ɗan yayanta.

"Badaru," ta ce, "zage shi mana."

Badaru ya ce mata Inna sai an jima, kasuwa ta fara ci. Ya sa takalmansa ya fita.