Irin Gero a Tsagin Dutse

Shekarata ta biyu ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Allakaye, na ce sai na kai ƴan aji shida bisa dutse su ga kufan garinsu. Yara suna haddace sunayen biranen da ba za su taɓa gani ba, amma ka tambaye su inda kakanninsu sunka zauna kafin a sauko kwari, sai su yi ta kallonka. Abin yana ƙona mini rai.

Diraktan lakwal, wato shugaban makarantarmu, ya yarda, maigari ne ya ƙi. Tsoho ne tukuf, jikarsa tana cikin ajina. Ya kira ni zaurensa, da yake Mushe ake ce wa malamin makaranta a can, ya ce, "Mushe, mi za ka gwada musu can? Wurin da anka riƙa zuwa bisa raƙuma ana kwashe hatsinmu? So kake ɗiyanmu su rena mu?" A garin ba a yi wa yara zancen zamanin da mutanen arewa, masu raƙuman nan, ke mulkinsu. Kowa ya sani, ba mai faɗi. Ya ce in na kai su, da ƙafarsa zai je Buza wajen sufeton makarantu a ɗauke ni daga garin.

Ni kuwa ba a hana ni abu in hanu. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ran Asabar za mu hau." Da na fito sai na shiga tunanin abin da na jawo wa kaina, don ina son garin nan, ga matata da tsohon ciki.

Munka hau da sanyin safiya, kowane yaro da gorar ruwansa. Sunka ga ganuwar da anka jera da duwatsu, da dutsen niƙa wanda ya lotse a tsakiya don aiki. Ina cikin gaya musu tsoro ne ya sa mutane zama nan sama, sai ga maigari yana haki, yana dogara sanda. Na ce a raina, shi ke nan, Mushe, je ka ɗaure kayanka.

"Tsoro?" in ji shi. Ko kallona bai yi ba. "Ku taho nan."

Ya kai mu gindin wani babban dutse, ya ƙwanƙwasa gefensa da sanda, sai ƙasa ta zubo. Ashe yaɓe ne anka yi da laka mai kalar dutsen! Bayansa tsagi ne, a ciki ga ragowar ɗan rumbu. Ya ce nan ake ɓoye iri. Da kaka, kafin masu karɓar hatsi su iso, mata kan zaɓi zangarniya mafi kyau, su cusa ta cikin ƙunshin icce su hawo da ita. Kakarsa ta gaya masa akwai shekarar da sunka yi ta cin ƴaƴan anza masu ɗaci da ganye, ga gero nan kwance, kowa ya san wurin, ba wanda ya miƙa hannu har ruwa ya sauka.

Yara sunka matso kusa. Jikarsa ta leƙa tsagin ta ce, "Kaka, to ina geron yanzu?"

Ya yi dariya har da tari. "Ji mini amaryar ga! Mi kinka sha da sahe kahin ki hito?"

"Fura."

"To, shi ne."

Yarinyar ta dubi tsohon kamar yau ta fara ganinsa, ta karɓi sandarsa ta ba shi kafaɗarta. Wallahi na yi alfahari ranar, da shi, da yaran, da kaina ma, ba zan ɓoye ba.

Muna saukowa a hankali saboda gwiwarsa, ina jiran in ji hukuncina. Sai da munka kai kwari ya tsaya ya huta, ya ce, "Mushe, baɗi ka hwaɗa mini da wuri. Kuma ka taho da ƴan aji biyar, akwai wata jikata a ciki."