Ciɗo da Yaɓen Zauren Sulhu

Duk wanda ya bar Tawa ya yi arewa, ya wuce Affala, zai hangi ƙubba uku jajaye a kan wani tudu, kamar manyan rumbuna sun haɗa kai suna shawara. Aikin Ciɗo ne.

Ciɗo magini ne ɗan magini. Mahaifinsa rumbu yake ginawa, shi kuwa tun yana saurayi ya tafi Tawa ya koyo gini marar itace, wato a ɗaure rufi da tubali zalla, ba azara ba kwano, don a ƙyale ƴan itatuwan da suka rage a daji. Da hukumar garinsu ta nemi zauren sulhu, inda manomi da makiyayi za su kashe rigimar ɓarnar gona kafin ta kai kotu, shi aka ba aikin.

Tubali dubu goma sha huɗu zauren ya ci, jakai shida suka kwaso ƙasar. Ya huda tagogi tara can sama don zafi ya fice. Ya zagaye ciki da dakali mai tsayi ɗaya, kada wani ya zauna sama da wani. Ƙofa biyu ya yi, saboda ya san masu husuma ba sa son haɗa kafaɗa wajen fita. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji kamar ka leƙa randa.

Sai dai ginin ƙasa yana son hannu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yaɓe shi. Da fari gayya ake yi. Da aka gina sabon ofishi na siminti da kwano a bakin hanya, gayya ta mutu, Ciɗo ya ci gaba da yaɓen shi kaɗai. Bai damu ba, don rana na take tsaka yakan ga ma'aikata da masu ƙara sun kinkimo bencinansu sun dawo inuwarsa.

Sannan jikokin mutumin da ya ba da filin suka rabu biyu, kowane ɓangare yana cewa tudun nasa ne. A garin kuwa, namijin da ya yaɓe bango shi ake ɗauka mai ɗaki, ga shi Ciɗo yana da dangantaka da ɓangare ɗaya. Sakataren hukuma, Abdurazak, wanda shi kansa a zauren yake cin abincin rana, ya same shi har gida, ya durƙusa, ya roƙe shi ya janye hannunsa sai an raba gardama. Ciɗo ya ce ya ji.

Damina biyu ta wuce a kan ginin ba yaɓe. Ƙubbar tsakiya ta tsage daga ƙoli. Kullum da safe Ciɗo yakan dogara sanda ya je ya tsaya a ciki, ya ɗaga kai. Da, zaren haske ne yake sauka. Yanzu rana ta kai faɗin tafin hannu a kan daɓen da ya daɓe da kansa. Ya san ruwan bana in ya shiga nan, ƙubbar ba za ta ga kaka ba.

Duk da haka da bazara ta yi ya kwaɓa ƙasa a bayan gida, da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya tattake, ya bar ta ta ruɓa kamar yadda ya saba. Matarsa Raƙiya ta tsaya tana kallonsa. Ta tambaye shi ko tuwon ƙasa za su ci bana.

"Maigida, maza aka hana," in ji ta. "Mu muke shafe ɗakunanmu kowace shekara, wa ya taɓa jin mace ta ci fili da yaɓe?"

Ta je ta gaya wa Abdurazak. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai gobe yana da aiki a Tawa, ba zai ga komai ba.

Washegari mata goma sha ɗaya suka hau tudun da kwanonin ƙasa a ka, har da ɗiyarsu Haula, goye da jariri. Suka yaɓe iyakar inda hannu ya kai, suka kifa turame suka taka suka ƙara. Ciɗo yana zaune gefe a kan dutse yana cewa a dinga ja daga ƙasa zuwa sama, Raƙiya tana ce masa wanda aka sallama daga aiki ba ya ba da umarni.

Saura ƙoli. Tsani ɗaya ne a garin mai wannan tsawo, na Ciɗo, kowa ya san shi. Jingina shi a bangon daidai yake da sa hannunsa. Sai Haula ta cura ƙasa ta jefa, yadda ake jefa wa magini a kan gini. Ƙasar ta wuce ƙolin. Ta sake jefawa, ƙasar ta faɗi gefe. Matan suka yi ta jifa suna dariya, ɗaya cikin biyar ke kama bakin tsagar.

Ciɗo ya miƙa hannu cikin kwano ya cura tasa. Ya juya ta, ya auna nauyinta, ya dubi ƙolin. Tun yana yaro yake wannan jifa, ya san daidai inda za ta zauna. A gindin tudu, maza daga ɓangarorin biyu sun tsaya suna kallo.

Ya daɗe riƙe da ita, har ruwanta ya gangaro masa zuwa gwiwar hannu. Sannan ya sa ta a tafin Haula.

"Matsa dama kaɗan, ɗiyata. Kada ki dubi hannunki, dubi wurin."

Ta jefa. Curin ya zauna a tsagar, ya rufe kamar rabinta. Ciɗo ya goge hannu a riga, ya waiwaya gabas inda hadari ya fara haɗowa, ya jawo kwanon kusa da ƙafarsa ya fara cura mata wata.